Matatar hayaƙin dizal: abin da ta magance da abin da ta bari

A watan Yunin 2012 ne cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na ƙasar Faransa, ta bayyana cewa hujjoji sun isa a tabbatar hayaƙin injin dizal yana haddasa sankarar huhu, ta kuma shigar da shi rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara, inda hayaƙin taba yake. Zama a rukuni ɗaya ba ya nufin haɗarinsu daidai yake. Abin da yake nufi shi ne babu sauran kokwanto a kan cewa kowannensu yana jawo cutar. Daga cikin manyan hujjojin da cibiyar ta dogara da su akwai binciken da aka yi a kan ma'aikata fiye da 12,000 a wuraren haƙar ma'adinai 8 a Amurka, yawancinsu mutanen da suka shafe shekaru suna shaƙar hayaƙin injinan dizal a ƙarƙashin ƙasa. A shekarar da aka yi wannan sanarwa, fiye da rabin sababbin motocin da aka saya a Tarayyar Turai masu shan dizal ne, kuma ba haka kawai jama'a suka raja'a a kansu ba, gwamnatoci ne suka yi ta kwaɗaitar da su da sunan kare muhalli.

Ba za a gane yadda aka yi haka ba sai an san bambancin injinan biyu. Injin fetur yana gauraya mai da iska tukuna, sannan fulogi ya ba da tartsatsi ya kunna su. Injin da Rudolf Diesel ya kammala ƙerawa a Jamus a 1897 kuwa iska zalla yake matsewa da ƙarfi har ta ɗauki zafi, sai nozil ya feso mai a cikinta, man ya kama da kansa ba tare da tartsatsi ba. Wannan matsi mai yawa shi ne sirrin ƙarfin injin da rashin shan mansa, kuma daga nan ne illolinsa biyu suka samo asali. Man da aka feso ba ya samun sararin gaurayuwa da iska sosai kafin ya kama, saboda haka a tsakiyar feshin, inda mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, ƙonewar ba ta kammala, sai kunkunniya ta samu. A gefen feshin kuma, inda iska ta wadata kuma zafi ya kai matuƙa, naitirojin da oksijin da ke cikin iskar suna haɗuwa su haifar da iskar gubar da masana ke kira NOx. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa idan aka sassauta zafin ƙonewa domin NOx ya ragu sai kunkunniya ta ƙaru, idan kuma aka ƙara zafi domin kunkunniya ta ƙone sai NOx ya haura. Kusan duk abin da ya faru da motocin dizal cikin shekaru 30 da suka wuce yana rataye a kan wannan tsaka mai wuya.

Bayan yarjejeniyar Kyoto ta 1997, hankalin ƙasashen Turai ya koma kan iskar kabon mai ɗumama duniya, wato CO2. A 1998 kamfanonin ƙera motoci na nahiyar suka yi wa Hukumar Tarayyar Turai alkawarin saukar da matsakaicin abin da sabuwar mota ke fitarwa zuwa giram 140 a kowace kilomita kafin ƙarshen 2008, kuma hanya mafi sauƙi a gare su ita ce sayar da motocin dizal. Litar dizal ta fi litar fetur fitar da CO2, kimanin kilo 2.6 idan aka kwatanta da 2.3, amma da yake motar dizal tana cin tafiya mai tsawo da lita guda, lissafin kowace kilomita yakan fifita ta. Birtaniya ta sauya harajin mota a 2001 ta ɗora shi a kan yawan CO2, wanda ya sa motar dizal ta fi sauƙin riƙewa. A Jamus harajin litar dizal ya gaza na fetur da kimanin santi 18 na Yuro, a Faransa kuwa dizal ya haura kashi 70 cikin 100 na sababbin motoci a ƙarshen shekarun 2000. Amurka da Japan ba su bi wannan hanya ba. A ganina kuskuren Turai shi ne ta zaɓi ma'auni guda ta ɗora haraji a kansa, ta kau da kai daga abin da ke shiga huhun masu tafiya a gefen titi, aka gudu gara aka faɗa zago.

Baƙin hayaƙin da ake gani yana tashi daga salansar tirela idan tana hawan tudu ba shi ne mafi muni ba. Manyan ɓarɓashi hanci da maƙogwaro suna tare yawancinsu, a fitar da su da majina ko kaki. Waɗanda likitoci ke tsoro su ne waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba, ake kiran su PM2.5, alhali kaurin silin gashin mutum yana tsakanin 50 da 70. Yawancin ɓarɓashin dizal ma sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, da yawansu ba su kai kashi ɗaya bisa goma na maikuromita ba. Irin waɗannan suna wucewa har can ƙasan huhu inda iska ke haɗuwa da jini, ɗauke da sauran man da bai ƙone ba da sinadarai masu jawo sankara manne a jikinsu. Illar ba ta tsaya a huhu ba, domin kumburin da suke haddasawa yana taɓa jijiyoyin jini, abin da ya sa ake danganta su da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, baya ga asma da tari mai naci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje, daga dukkan tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma a 2021 ta rage iyakar PM2.5 da take ba da shawara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, saboda an ga illa har a matakan da a da ake ɗauka ba su da komai.

Kunkunniya tana da hannu a ɗumamar yanayi ita ma. Baƙin abu yana zuƙar zafin rana, saboda haka tana ɗumama iska yayin da take yawo, idan kuma ta sauka a kan ƙanƙarar tsaunuka sai ta rage haskenta ta hanzarta narkewarta. Bambancinta da CO2 shi ne ba ta daɗewa a sama, kwanaki ne ko 'yan makonni ruwa ya wanke ta. Ke nan wani ɓangare na ribar da aka ce tsohuwar motar dizal tana kawo wa yanayi, kunkunniyarta ta cinye shi tun daga farko.

Amsar da injiniyoyi suka kawo ita ce matatar ɓarɓashi, wadda kanikawa ke kira DPF. Idan aka yanka gwangwanin ƙarfen da ke kan bututun salansa kusa da inji, za a tarar da dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ramuka dogaye, jere kamar saƙar zuma. Hikimar tana bakin ramukan: wannan a buɗe yake ta gaba a toshe ta baya, maƙwabcinsa kuma a toshe ta gaba a buɗe ta baya, haka har ƙarshe. Hayaƙin da ya shiga rami ba shi da mafita sai ya ratsa ta jikin bangon tangaran ɗin, wanda ke da ƙofofin da ido ba ya gani, ya faɗa ramin da ke kusa sannan ya fita. Iska tana wucewa, kunkunniya tana maƙalewa, kuma da zarar ta ɗan taru a jikin bangon sai ita kanta ta zama ƙarin matata. Kamfanin Peugeot ne ya fara sanya ta a motar hawa da ake ƙerawa da yawa, samfurin 607, a shekarar 2000, lokacin da babu dokar da ta tilasta shi. Doka ta zo daga baya. Ƙa'idar hayaƙin mota ta Turai mai suna Euro 1 ta 1992 ta yarda motar dizal ta fitar da miligiram 140 na ɓarɓashi a kilomita, Euro 4 ta 2005 ta sauko da shi zuwa 25, sai Euro 5 ta 2009 ta kai shi 5, matakin da ba a iya kaiwa sai da matata. Daga 2011 kuma aka fara ƙidaya yawan ƙwayoyin maimakon nauyinsu kaɗai, domin miliyoyin ƙananan ƙwayoyi ba su da wani nauyi a sikeli amma su ne ke kaiwa ƙasan huhu.

Ya kamata a faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba, domin abin kunyar maguɗin gwajin hayaƙi da ya biyo baya ya sa mutane da yawa suna zaton duk na'urorin tsabtace hayaƙi yaudara ce: matatar tana aiki. Lafiyayyar matata tana kama fiye da kashi 95 cikin 100 na nauyin kunkunniya, kuma kimanin kashi 99 na yawan ƙwayoyin. Mutum yana iya sa yatsa a cikin bakin salansar motar da ta yi shekaru tana tafiya ya fito da shi ba baƙi. A gefen titi mai cunkoso, ba abin mamaki ba ne a auna hayaƙin irin wannan mota a tarar ƙwayoyin da ke cikinsa ba su kai na iskar da injin ya zuƙa ba. Cikin duk abin da aka yi don rage illar dizal, wannan ce nasarar da ba ta da shakka.

Sai dai matata cika take yi, kuma ba a cire ta a kakkaɓe. Dole a ƙone kunkunniyar a inda take, ita kuwa ba ta kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 600, alhali hayaƙin motar da ke rarrafe a cikin gari bai cika kai rabin haka ba. A kan babbar hanya, inda injin ke aiki sosai na tsawon lokaci, wani ɓangare yana ƙonewa da kansa a zafi ƙasa da haka da taimakon iskar NO2, ɗaya daga cikin nau'o'in NOx, da ke cikin hayaƙin. In hakan bai wadatar ba, kwamfutar motar, wadda ke auna bambancin matsin iska a gaba da bayan matatar, sai ta sa nozil ya ƙara feso ɗan mai a makare, man ya bi hayaƙi ya ƙone a kan wani tangaran mai rufin filatinam da ke gaban matatar, zafi ya tashi, kunkunniyar ta cinye. Wannan yana faruwa bayan kowace 'yan ɗaruruwan kilomita, yana kuma ɗaukar minti 10 zuwa 20 ko fiye. Direba mai lura zai ga shan mai ya ƙaru, fanka tana ta juyawa ko bayan an kashe inji, wani lokaci har da ƙaurin zafi. A wannan ɗan lokacin ƙwayoyin da ke fita suna ƙaruwa ninki da yawa, abin da ƙungiyar Transport & Environment mai fafutukar tsabtace sufuri a Turai ta nuna a gwajin da ta wallafa a 2020, amma ko an haɗa da shi a lissafi, mota mai matata ta fi marar ita tsabta nesa ba kusa ba.

Matsalar tana fitowa ne a wurin wanda ya sayi motar dizal don kai yara makaranta da zuwa kanti. Tafiyar minti 10 ba ta isa injin ya yi zafi ba, kwamfuta ta fara ƙonawa a kashe mota, gobe ta sake farawa a sake kashewa. Man da aka feso bai ƙone ba yana zirarewa ta gefen fistin ya gauraye da baƙin man inji ya tsinka shi. Daga nan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, in ya yi biris motar ta rage ƙarfi da kanta, ƙarshe sai garejin kanikawa. An sayar wa miliyoyin mazauna birane motar da aka tsara don doguwar tafiya, saboda haraji ya sa ta yi arha, kuma ba kowane dillali ne ya tsaya ya yi wa mai saye wannan bayani ba. Akwai kuma toka, wadda ba ta ƙonewa ko an yi mata zafi nawa. Tana fitowa ne daga sinadaran ƙarfe da ke cikin baƙin man inji, tana taruwa a ƙarshen ramukan shekara da shekaru har sai an cire matatar an wanke ko an sauya. Shi ya sa ake wajabta wa irin waɗannan motoci man juye na musamman mai ƙarancin toka, kuma wanda ya zuba na gama-gari yana gajarta kwanan matatarsa ko bai sani ba.

Sabuwar matata tana da tsada, saboda haka wata sana'a ta ɓullo a Turai ta cire ta. A yanka gwangwanin ta saman da ba a gani, a farfasa tangaran ɗin a zazzage, a yi walda a mayar, sannan a sauya manhajar kwamfutar motar don kada ta nemi abin da babu. Mai mota ya huta da fitilar gargaɗi, amma lissafin da ke bayan haka mai nauyi ne: idan matata tana kama 99 cikin 100, mota guda da aka cire wa tata tana fitar da ƙwayoyin da motoci kusan 100 masu matata za su fitar. 'Yan tsirarun motoci ke nan suna iya rushe ribar gari guda. Birtaniya ta sa duba matata cikin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a 2014, ta ƙara tsanantawa a 2018, amma duba da ido ba ya gane gwangwanin da aka yashe cikinsa aka gyara waldarsa, kuma tsohuwar na'urar auna duhun hayaƙi ba ta ganin ƙwayoyin injin zamani. Abin da ya kawo canji shi ne na'urar ƙidayar ƙwayoyi da ake zura wa a bakin salansa, wadda cikin ɗan lokaci take bambanta lafiyayyar matata da fasasshiya. Beljiyam ta fara amfani da ita a 2022, Holan da Suwizalan da Jamus suka bi a 2023. An yi fiye da shekara 10 tsakanin wajabta matatar da samun hanyar tabbatar da cewa tana nan, kuma wannan giɓi laifin hukumomi ne.

Duk wannan a kan kunkunniya ne. Matata ba ta taɓa NOx, domin iska ce, tana ratsa tangaran ta wuce. Abin ma ya fi haka, saboda filatinam ɗin da ke taimaka wa matata yana mayar da wani kaso na NO, wanda shi ma nau'in NOx ne, zuwa NO2, wanda shi ne ya fi cutar da hanyoyin numfashi, kuma a sararin sama NOx yana haɗuwa da wasu sinadarai ya haifar da iskar ozon mai cutarwa ta kusa da ƙasa da wasu sababbin ƙwayoyin PM2.5 da ba daga salansa suka fito kai tsaye ba. A takarda iyakar NOx tana ta sauka, daga miligiram 500 a kilomita a Euro 3 zuwa 180 a Euro 5 zuwa 80 a Euro 6, amma na'urorin auna iska a gefen titunan Landan da Paris da Stuttgart ba su ga raguwar da ta dace da haka ba. A Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke hukuncin cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya yi sanadin rasuwar wata yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma, wadda ta rasu a 2013, gidansu kuma yana dab da babban titin South Circular inda NO2 ya wuce iyakar doka. Wannan ne karo na farko da aka rubuta haka a takardar shaidar mutuwa a Birtaniya.

Dalilin giɓin da ke tsakanin takarda da titi ya fito fili daga inda ba a zata ba. Masu bincike na Jami'ar West Virginia, bisa kwangilar ICCT, wata ƙungiya mai binciken tsabtar sufuri, sun ɗora na'urar awo a bayan motocin dizal 3 suka bi titunan Amurka da su, suka wallafa sakamakon a 2014. Motar BMW ta kusan tsayawa a kan ƙa'ida, amma Volkswagen Jetta ta ninka iyakar NOx sau 15 zuwa 35. Ranar 18 ga Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tuhumi kamfanin, shi kuma ya amsa cewa ya sanya manhajar da ke gane lokacin da mota take kan na'urar gwaji ta kunna cikakken tsarin tsabtacewa, in ta hau titi ta sassauta shi. Motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa a duniya, shugaban kamfanin Martin Winterkorn ya yi murabus cikin kwanaki, tara da diyya kuma suka haura Yuro biliyan 30. Da hukumomin Jamus da Faransa da Birtaniya suka gwada motocin sauran kamfanoni, sai aka ga yawancinsu suna wuce iyaka a titi, wasu suna kashe tsarin da zarar sanyin gari ya sauka ƙasa da wani mataki, da hujjar kare inji. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya danganta NOx ɗin da ya haura ƙa'ida, daga ƙananan motoci da manya, da mutuwar kimanin mutum 38,000 a duniya a 2015 kaɗai.

Abin takaici shi ne maganin yana nan tun lokacin. Ana fesa ruwan yuriya, wanda ake sayarwa da sunan AdBlue, a cikin bututun salansa, ya zama amoniya, ita kuma ta mayar da NOx zuwa naitirojin da ruwa. Tsarin yana buƙatar tanki na daban da kuɗi da direban da zai riƙa ƙarawa, kamfanoni kuma suka ga ragewa ya fi musu riba. Tun da aka fara gwajin mota a kan titi na haƙiƙa a Satumban 2017, sababbin motocin dizal sun tsabtata ƙwarai, wanda ya nuna cewa tun farko ba fasaha ce ta gaza ba. Amma amana ta riga ta zube. Kotun gudanarwa ta tarayya a Leipzig ta halatta wa biranen Jamus hana tsofaffin motocin dizal a Fabrairun 2018, Hamburg ta fara a wannan shekarar, Stuttgart ta bi a 2019. Landan ta kafa yankin da motar dizal da ba ta kai Euro 6 ba ke biyan fam 12.50 a kullum, ta faɗaɗa shi zuwa dukkan birnin a 2023. A wannan shekarar dizal ya faɗo ƙasa da kashi 14 cikin 100 na sababbin motocin Tarayyar Turai, motoci masu lantarki zalla suka wuce shi.

Ko motar da ta cika kowace ƙa'ida tana fitar da CO2 ɗinta cif, matata ma tana ɗan ƙara shan mai. Kuma da salansa ta tsabtata, sai ƙurar birki da gogewar taya suka zama babban kaso na ɓarɓashin da mota ke bari a titi, abin da ya sa ƙa'idar Euro 7 da aka amince da ita a 2024 ta sanya wa birki iyaka a karo na farko.

Motocin da biranen Turai suka kora ba a narkar da su duka ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Unguwar Heyvaert a Brussels ta daɗe tana zama kasuwar tara su, daga nan a kai su tashar Antwerp, jirgi ya sauke su a Kwatano ko Lome ko Legas ko Tema, wasu su hau hanya zuwa Yamai da Maraɗi da Kano. Hukumar sa ido ta Holan, da ta duba motocin da ke jiran jirgi a tashoshinta, ta tarar yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, ba su da takardar lafiya mai aiki, wasu kuma an riga an yanke musu na'urar tsabtace hayaƙi saboda ƙarfe mai daraja da ke ciki.

Wadda ta iso da matatarta lafiya kuma sai ta ci karo da man da ba nata ba. Farar wuta da ke cikin dizal tana kashe filatinam, tana hana ƙonewar kunkunniya, tana kuma haifar da nata ƙwayoyin. Shi ya sa Amurka ta sauko da ita zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006 kafin dokar matatar manyan motoci ta 2007, Turai kuma ta kai 10 a 2009, shekarar Euro 5. Sun gyara mai tukuna, sannan suka wajabta matata. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka 8, ta samu wanda farar wutarsa ta ninka iyakar Turai sau 378, ta kuma nuna cewa 'yan kasuwar Turai ne ke haɗa irin wannan mai musamman don kasuwar Afirka, inda dokar Najeriya a lokacin ta yarda da 3,000 cikin miliyan. A Disamban wannan shekarar Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja su koma 50, a Fabrairun 2020 kuma ministocin ECOWAS suka mayar da shi ƙa'idar yankin tare da sharaɗin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. Ghana ta fara aiwatarwa tun 2017, Holan kuma ta hana fitar da man da ya wuce 50 daga tashoshinta a 2023.

Ba na ganin laifin bakaniken da ke Kano ko Damagaram idan ya ba mai mota shawarar a fasa matata. An kawo masa motar da ke shan man da ba a san ingancinsa ba, an zuba mata man juyen da aka samu a kasuwa, tana wuni a cunkoso, fitila ta kama, ƙarfi ya ragu, sabuwar matata kuma ba ta samuwa sai an yi oda da kuɗi mai yawa. Shawarar da ya bayar ita ce wadda yanayin ya bar masa. Amma motar da ta fita daga garejinsa ta koma fitar da kunkunniya irin ta shekarun 1990, a titin da masu talla da 'yan acaɓa da jami'an ba da hannu ke tsaye tun safe har dare, a iskar da ƙurar hunturu da hayaƙin itace suka riga suka cika. A Najeriya ma ƙananan motocin dizal ba su da yawa idan aka kwatanta da na fetur. Yawancin dizal ɗin tireloli da tifofi da tankoki da manyan janaretoci ne ke ƙona shi, kuma kusan dukkansu ba su taɓa sanin matata ba.

Saboda haka duk dokar da za ta wajabta matata a yankinmu kafin a tabbatar da ingancin man da ke fitowa daga famfon gidan mai, walda kawai za ta ƙara wa kanikawa. Aikin farko shi ne awon farar wuta a depo da gidajen mai a kai a kai tare da bayyana sakamakon ga jama'a, domin rage ta kaɗai yana rage ƙwayoyin kowane tsohon inji ba tare da an taɓa shi ba. Bayan haka sai manyan motocin haya da na kaya da ke da gareji ɗaya da mai kula da su, inda sa matata da riƙe ta yake yiwuwa. Ƙasashen da ke fitar da motocin su ma suna da nasu kason. A Yulin 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da ƙudurin hana fitar da motar hannu da ba ta ci gwajin lafiya ba, kuma na'urar ƙidayar ƙwayoyin da Beljiyam ke zura wa motocin da za su ci gaba da yawo a Brussels tana iya yin aikinta a bakin tashar Antwerp kafin a loda mota a jirgi, ko a Kwatano da Legas kafin a ba ta takardar fita.